Wanda aka kashe wa nasa, me yake nema a wurin makashin? Hirarmu kan rashi da fansa a littattafan bincike

Sadiq: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa, Sadiq ne, ga Yaya Zainab ga kuma Malam Habibu. Tun kafin a yi nisa ina gargaɗi, yau za mu fasa ƙwai sosai, duk littafin da muka taɓo sai mun faɗi wanda ya yi kisan don ba yadda za a yi a yi wannan maganar ana ɓoye ƙarshe. Yaya Zainab ke kika kawo batun, bismillah.

Zainab: Toh nagode ƙanina. Abin da ya daɗe yana damuna kenan, duk littafin binciken kisan kai da za ka ɗauka gawa ce a farkonsa, amma sai kaga an wuce gawar da gudu, an koma kan sawun takalmi da tokar sigari da waye ya fita ƙarfe nawa. Ni kuma hankalina yana can wurin wanda aka yi wa rashin, uwar mamacin, matarsa, ƙanwarsa. Ina suke? Sau da yawa sai a babin ƙarshe suke bayyana, kuma in sun bayyana ɗin da wuƙa a hannu.

Malam Habibu: Ai Zainabu tun daga tushe haka abin ya taso. Mutane sun san Sherlock Holmes da ƙwaƙwalwa da sanyin kai, amma littafin da ya fara fitowa a ciki, A Study in Scarlet na Arthur Conan Doyle a 1887, labarin ɗaukar fansa ne tsantsa. An tsinci gawar wani Ba'amurke mai suna Drebber a wani kangon gida a Landan, ba rauni ko ɗaya a jikinsa, a bango kuma an rubuta RACHE da jini. Sufeto Lestrade ya ce ai sunan mace ne Rachel aka fara rubutawa ba a ƙarasa ba. Holmes ya ce masa kar ya wahalar da kansa neman wata Rachel, kalmar Jamusanci ce, ma'anarta fansa.

Sadiq: Kuma akwai zobe ko Malam?

Malam Habibu: Zoben aure na mace, da aka ɗaga gawar ya faɗo. Wannan zoben shi ne labarin gaba ɗaya. Jefferson Hope, wanda ya yi kisan, yana son wata yarinya Lucy Ferrier can a Utah a Amurka, aka kashe ubanta, aka ɗaura mata aure dole da Drebber, wata guda bata yi ba baƙin ciki ya kashe ta. Hope ya shigo ɗakin da gawarta take kafin a binne ta ya zare zoben daga yatsarta. Wajen shekara 20 yana bin Drebber da abokin tafiyarsa da suka yi aika-aikar tare, daga Amurka har Turai, gari gari, yana ƙananan ayyuka don ya samu na mota, har ya zama mai tuƙa keken doki na haya a Landan don kawai ya riƙa bin sawunsu ba tare da an lura ba.

Zainab: Wurin nan nake so mu tsaya. Shekara 20 fa. Mutum bai yi aure ba, bai gina komai ba, bai zauna ya yi kukan Lucy ba ma in ka duba da kyau, ya ɗauki kukan ne ya maida shi aiki. Da safe in ya tashi ya san abin da zai yi. Wallahi wanda bai taɓa rashi ba ba zai gane girman wannan ba, don babban abin da ke cin mai rashi shi ne ba abin yi, mamaci ya tafi, hannunka biyu suna nan ba inda za ka sa su.

Sadiq: Amma ni abin da ya burge ni da shi, bai ɗauki bindiga ya harbe Drebber daga baya ba. Ƙwaya biyu ya miƙa masa, ɗaya da guba ɗaya babu, ya ce ka zaɓi ɗaya ni in haɗiye wadda ta rage. Kamar yana cewa ba ni zan yanke hukuncin ba, a bar wa sama.

Malam Habibu: Haka ya ɗauka a ransa. Amma lura da abin da Doyle ya yi da shi bayan an kama shi. Dama Hope yana da ciwo, babbar jijiyar jinin da ke fitowa daga zuciya ta kumbura, sai ta fashe a daren da aka kama shi, da safe aka same shi a kwance a ɗakin da aka tsare shi fuskarsa da murmushi, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Marubucin ya kauce ne. Bai so ya rataye shi don mai karatu ya riga ya tausaya masa, bai kuma so ya sake shi, sai ya bar ciwo ya raba gardama.

Sadiq: Daga baya ai ya daina kaucewa. A labarin nan na The Devil's Foot, Holmes ya gano Dakta Sterndale ne ya kashe mutumin da ya kashe macen da yake so, kuma ya bar shi ya koma Afirka abinsa. Ni kam ina tare da Holmes. Rama cuta ga macuci ibada ne, haka aka ce.

Zainab: Riƙe wannan maganar taka, za mu dawo kanta. Malam kawo mana jirgin ƙasan nan.

Malam Habibu: Murder on the Orient Express, Agatha Christie, 1934. Jirgi ya taso daga Istanbul, dusar ƙanƙara ta tare shi a Yugoslabiya, da safe aka samu wani fasinja Ratchett a mace a ɗakinsa an soke shi sau 12. Abin da ya ɗaure wa likita kai, sukar bata yi kama da ta hannu ɗaya ba, wata ta nutse har ciki, wata ɗan karce ne kawai, wata da hannun hagu. Poirot, mai binciken da ke cikin jirgin, ya samu guntun takarda da aka ƙona, ya karanto sunan Daisy Armstrong a jiki. Daga nan ya gane mamacin Cassetti ne, wanda ya sace yarinya 'yar shekara 3 a Amurka, aka biya kuɗin fansa, ashe ya riga ya kashe ta. Uwar tana da ciki, ta haihu bakwaini ɗan bai zo da rai ba ita ma ta bi shi. Uban ya harbe kansa. Yarinyar da ke renon Daisy da 'yan sanda suka matsa wa da zargi ta faɗo ta taga, daga baya aka gane ba ruwanta. Shi kuma Cassetti kuɗi suka fidda shi daga kotu.

Zainab: Kuma ba daga iska Christie ta ɗauko ba.

Malam Habibu: A'a. A watan Maris na 1932 aka sace jaririn Charles Lindbergh, matuƙin jirgin saman nan da ya yi suna, aka biya dala 50,000, a watan Mayu aka tsinci gawar yaron. Har da wata 'yar aiki a gidan danginsu da ta kashe kanta bayan an yi ta yi mata tambayoyi. Lokacin da littafin ya fito ba a kama kowa ba tukuna, sai a watan Satumba na 1934 aka kama Bruno Hauptmann. Kenan ta rubuta ne a lokacin da duniya ke kallon iyaye da gawar ɗansu ba wanda aka hukunta, sai ta ba su a takarda abin da ba su samu ba a fili.

Zainab: Akwai abin da nake ji duk sanda na zo wurin nan, wanda sai a harshenmu yake fitowa. Kalma ɗaya muke amfani da ita, kuɗin fansa, ɗaukar fansa. Fansa ai ka bada wani abu ne a dawo maka da naka. Gidan Armstrong sun bada kuɗi a dawo musu da Daisy bata dawo ba. Sai mutum 12 suka bada wani abin kuma, suka bada hannunsu, kowa ya soki mutumin sau ɗaya a cikin duhu. Kamar har yanzu ana biya ne, ana sa ran za a miƙo yarinyar.

Sadiq: Kai Yaya, ban taɓa haɗa su ba wallahi.

Zainab: Kuma duba su waye. Kakar yarinyar, wadda ta shigo jirgin a matsayin wata Mrs Hubbard mai surutun tsiya kowa na gudunta, ashe ta binne 'ya ta binne jika. Kwandastan taragon uban yarinyar nan ne da ta faɗo ta taga. Direban gidan, mai dafa abinci, malamar da ta reni yaran gidan. Tun shafin farko kana zaune da masu makoki ne baka sani ba, Christie ta sa musu kayan wasu mutane, don in ta bari ka ga hawayensu ka gane waye makashi. Tsarin irin wannan littafin ne ma yake tilasta a ɓoye baƙin ciki, saboda baƙin cikin shi ne amsar.

Malam Habibu: Wannan gaskiya ne, kuma shi yasa in ka sake karantawa karo na biyu littafin yake canza ɗanɗano.

Sadiq: Toh ai kun zo inda nake so. Poirot ya kawo bayani biyu, na farko wani baƙo ne ya shigo ya yi kisan ya gudu, na biyu gaskiyar. Daraktan kamfanin jirgin da likitan suka zaɓi na farko a ba 'yan sanda, Poirot ya janye hannunsa. Ni ban ga laifin kowa ba. Kotu ta gaza, an sayi shari'a, mutum ya kashe yarinya ya jawo mutuwar mutum huɗu a bayanta yana yawo a jirgin alfarma da sabon suna. Me kuke so su yi?

Malam Habibu: Sadiq, kana jin daɗin wannan hukuncin ne saboda akwai wanda ya tsaya maka. Christie ta tabbatar maka Cassetti ne, ba kokwanto ko kaɗan, ita ta halicce shi ita ta san abin da ya yi. A waje wa zai tsaya maka? Ɗauki Mystic River na Dennis Lehane, 2001. Abokai uku tun yarinta a Boston, Jimmy da Sean da Dave. An kashe 'yar Jimmy, Katie, shekararta 19. A daren ne kuma Dave ya dawo gida jina-jina, labarin da ya ba matarsa bai zauna ba, tsoro ya kama ta har ta je ta faɗa wa Jimmy zargin da take yi. Sean ɗan sanda ne yana kan binciken, ya kusa kaiwa, amma Jimmy bai iya jira ba, ya ja Dave bakin kogi ya ce ka amsa in bar ka da rai, Dave ya amsa abin da bai yi ba, ya kashe shi ya jefa a ruwa. Gari na wayewa Sean ya zo masa da labarin an kama waɗanda suka yi, wasu yara biyu ne.

Sadiq: Innalillahi. Amma jinin jikin Dave fa?

Malam Habibu: Wani ne daban ya kashe, wani mai lalata da yara, don shi kansa an sace shi yana yaro an cuce shi. Ka ga duk alamun da mai karatu zai ce shikenan an gama suna nan, jini, ƙarya, har da amsa laifi da baki. Kuma Jimmy ba ƙaramin son 'yarsa yake ba, son ne ma ya hana shi ganin komai. Mai baƙin ciki fuska yake nema, wadda ta fara zuwa gabansa ita zai kama.

Zainab: Malam bari in faɗi wani abu da ban taɓa faɗa a shirin nan ba. Autanmu mota ce ta buge shi da daddare, direban bai tsaya ba. Abin da aka miƙo mana a cikin leda wayarsa ce fuskarta a tsage da takalmi ƙafa ɗaya, ɗayan ba a gan shi ba har yau. Saƙon ƙarshe da ya turo min kalma biyu ne, ina hanya. Na yi wata da watanni ina sa wayar nan a caji duk dare, ban san me nake jira ba. Wanda ya ga abin cewa ya yi farar mota ce, iyakarta kenan, ba lamba ba komai. Toh wallahi kusan shekara biyu duk farar motar da na gani gabanta a lotse ko fitila ɗaya a fashe sai na tsaya ina kallon direban, ina ƙirga shekarunsa ina duba idonsa. Akwai ranar da na bi wani bawan Allah da kallo har ya sauke gilas ya ce Hajiya lafiya? Mutumin nan da yaransa biyu a baya. A raina na riga na gama yanke masa hukunci.

Malam Habibu: Allah ya jiƙansa ya sa ya huta.

Sadiq: Amin. Yaya ki yi haƙuri, da na sani ban kawo karin maganar nan ɗazu ba.

Zainab: Haba ƙanina, ai ni ma na faɗe ta a raina ya fi sau dubu. A lokacin ne wata ƙawata ta ba ni The Beast Must Die na Nicholas Blake, 1938, wanda asalin sunansa Cecil Day-Lewis. Uba ne, matarsa ta rasu wurin haihuwa, ɗan nan ɗaya da ya rage masa mota ta buge shi ta gudu, 'yan sanda suka kasa, sai ya buɗe littafin ajiye sirri yana rubuta yadda zai nemo direban ya kashe. Kashin farko duk rubutun nasa kake karantawa, kana cikin kansa. Na karanta shi a dare ɗaya ina rawar jiki don kamar ni aka leƙa. Amma wurin da ya karya ni, da ya gano mutumin ya san yadda ya yi ya shiga gidansa a matsayin baƙo, sai ya tarar mutumin yana da ɗa, Phil, yaron da uban ke gallaza wa, kuma sai ya fara son yaron nan. Ya zo ɗaukar ran uba ya tarar da yaro mai buƙatar uba. Na rufe littafin na tuna yara biyun nan na bayan mota.

Sadiq: Toh amma da an gano miki shi fa? Ai ko ba komai zuciya za ta samu wurin sauka. Ni abin da yasa nake son littattafan nan kenan, komai daren daɗewa a shafi na ƙarshe za a kira suna.

Malam Habibu: Akwai wanda ya rubuta littafi musamman don ya ƙi ba ka wannan. Friedrich Dürrenmatt ɗan Suwizalan, 1958, Das Versprechen, wato alƙawari. An kashe ƙaramar yarinya a daji, Sufeto Matthäi ya je kai wa iyayen labari, uwar ta sa shi ya rantse zai kamo wanda ya yi, ya rantse. Aka kama wani ɗan koli, aka yi ta matsa masa har ya amsa, ya rataye kansa a inda aka tsare shi, kowa ya ce an rufe fayil. Matthäi bai yarda ba. Ya fasa tafiya babban aikin da aka ba shi a Jodan, ya karɓi wani gidan mai a bakin titin da ya lissafa makashin na bi, har ya ajiye wata yarinya a wurin a matsayin tarko. Lissafinsa daidai ne ɗari bisa ɗari. Amma makashin ya yi hatsarin mota ya mutu a hanyarsa ta zuwa. Matthäi bai sani ba, ya ci gaba da jira shekara da shekaru, giya ta cinye shi, hankalinsa ya gushe, lokacin da gaskiya ta fito daga bakin wata tsohuwa a gadon mutuwarta ba ya ma iya fahimtar abin da ake faɗa masa.

Zainab: Kaga shi ba ɗansa aka kashe ba, baƙin cikin uwar ne ya ɗauka ya ɗora wa kansa. Shi yasa nake cewa mai bincike da mai fansa tafiyarsu ɗaya ce har bakin ƙofa, duk suna ne suke nema, duk basa barci. Sai an buɗe ƙofar ake rabuwa.

Sadiq: Ke da aka buɗe miki ƙofar me za ki yi? Ki gafarce ni in tambayar ta yi nauyi.

Zainab: Bata yi ba, na daɗe da amsarta. A shekarar farko da na ce maka a kashe shi. Yanzu tambaya nake da ita. Mutumin nan shi ne na ƙarshe da ya ga autanmu a tsaye da ƙafarsa. Shi kaɗai ya san ko ya waigo, ko ya ga fitilar, ko ya ɗaga hannu, ko ya yi magana. Mintin nan guda ɗaya na rayuwar ƙanina yana cikin kan wani mutum da ban sani ba, yana yawo da shi. In aka kashe shi an binne min shi kenan. Cassetti ya san yadda Daisy ta yi kwanakinta na ƙarshe, ko ta yi kuka ko ta kira mamanta, kuma sun sa masa maganin barci ne kafin su soke shi, ko kalma ɗaya ba wanda ya ji daga bakinsa. Duk sanda na karanta wurin sai in ce kakar nan bata so ta sani ba ne? Ko ta san ba za ta iya ɗauka ba?

Malam Habibu: Wataƙila na biyun ne Zainabu.

Zainab: Wataƙila. Ni dai ina so in ji. Ko me zai faɗa, ina so ya zauna a gabana ya faɗa min, sannan in tambaye shi ɗaya takalmin, ko ya maƙale ne a ƙasan motar ya tafi da shi.

Sadiq: Jama'a bari mu tsaya nan yau. Allah ya jiƙan autan su Yaya Zainab da duk namu da suka riga mu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.